Bakin Barsu

Da sunan Allah na fara. Karatuna bai wuce na allo ba, a gaban mahaifina a Kusada, kafin a kawo ni aure Kaikai, don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri. Na san za a ce mace da hankalinta ta zauna tana ba da labarin jinyar kare. A ce. Ina rubutawa ne saboda matan da mazansu suka tafi suka bar musu kare a gida kamar yadda aka bar mini.

Maigidana manomi ne, da rani kuma yana taɓa farauta. Shekarar da aka yi ta kwasar maza ana kai su haƙar kuza a Jos, abin da muke kira ɗiban gwamna, sunansa ya fito bayan an gama yankan dawa. Ya bar ni da mahaifiyarsa, Inna, da ɗiyata ta fari da ake ce wa Talatu, lokacin ta fara tafiya tana faɗuwa. Ya bar mana awaki a turke, da karensa, wani ja mai farin ƙirji. Barsu sunansa. Ya sa masa sunan ne don mutane sun yi ta surutu, wai ya auro ɗiyar malam ya kawo ta gidan kare.

Safiyar da zai tafi bai yi mini doguwar magana ba. Ya tsuguna ya dafa kan karen ya ce, "Ga Barsu nan. Muddin yana gidan nan kura ba ta taɓa muku akuya. Amana na ba ki. Ran da na dawo, daga gindin kukar can zan yi fito, ina so in ga ya fito da gudu." Haka ya saba, kullum fitonsa ke riga sallamarsa shigowa gida. Na ce to.

Akwai wani abu da yake yi wanda sai daga baya na gane amfaninsa. Duk ranar da suka dawo daga daji sai ya zauna gindin rumbu, ya matse karen tsakanin gwiwoyinsa, ya wage masa baki, ya sa yatsa yana lalube. Ni kuwa sai in kau da kai, in ɗebo masa ruwa da ƙasa ya wanke hannu. A gidanmu ƙwaryar da kare ya sa wa baki sai an wanke an sake wankewa kafin a ci abinci a cikinta. Ban taɓa tambayarsa abin da yake nema a ciki ba.

Babbar Sallah ta zo ba da daɗewa da tafiyarsa ba. Mu ba mu yi layya ba, amma maƙwabta sun aiko mana da nama, Allah ya saka musu. Ranar Barsu ya ci ƙashi har ya ƙoshi, kowa jefa masa yake yi.

Talatu ce ta fara jin warin. Ita da karen ba sa rabuwa, wuyansa take kamawa ta miƙe tsaye, kuma ba ta iya faɗin sunansa sai Assu. Ina tankaɗe da hantsi na ga ta ture masa fuska, ta yamutsa hanci ta ce, "Assu kashi." Inna ta yi dariya har da tari. Na matsa kusa na ji da kaina. Ba irin warin bakin kare da aka saba ba ne. Wani wari ne mai nauyi, kamar naman da aka manta a cikin tukunya a rufe.

Inna ta ce mushe ya ci a bayan gari, zai wuce. Na yarda. Amma ni mutum ce mai sa ido. Na ga yana sa ƙafar gaba yana karce gefen bakinsa, yana lasar iska kamar mai son fitar da gashi daga harshe. In na jefa masa ƙanzo, wanda a da yake cafewa tun bai sauka ƙasa ba, sai ya ɗauka ya karkata kai gefe guda, ya tauna kaɗan ya yar. Kasuwa ta zagayo warin bai wuce ba, ƙaruwa ma ya yi. Na daina barin Talatu ta je kusa da shi. Na ɗaure shi bayan rumbu, ita tana kuka nan, shi yana kuka can.

Mutum ɗaya na sani da ya san kan kare, Baba Nomau na Rimaye, tsohon maharbin da ya koya wa maigidana farauta. Shi ne ma ya ba shi Barsu tun yana ɗan kwikwiyo. Ni ba ni da halin zuwa, miji ba ya nan, ga goyo. Amma akwai Tabawa mai daddawa, wata dattijuwa a unguwarmu da ba kasuwar da ba ta ci, har ta Rimaye. Da ta shigo kawo wa Inna daddawa na ce mata, "Gwaggo Tabawa, don Allah in kin je Rimaye ki gai da Baba Nomau, ki ce masa bakin Barsu ne ke wari, har ba a iya..."

Inna ta katse ni. "Ke ɗiyar malam, haka aka koya miki? Ki aika wa dattijo kamar Nomau da maganar wari, a tsakiyar kasuwa, wataƙila ma yana cin abinci? Tabawa, ki ce masa dai baki ne ke damun karen yaronsa. Ai babba ne, zai gane."

Tabawa ta ce, "Yo ni ma da wane bakin zan faɗi wancan? Ina saye da sayarwa da abin miya, a ji ina zancen wari?"

Ni ma na ga gaskiyarsu. Na ƙulla goro a tsumma na ba ta ta kai masa.

Ta dawo mana da laya, ɗinkakkiya da jar fata, da ƙullin garin magani. Ta ce Baba Nomau ya girgiza kai ya ce shi dama ya san za a yi haka. Kare mai kyau irin wannan, kowa na yabonsa ba a cewa tubarkalla, ga maigidan ba ya nan, dole baki ya kama shi. A rataya masa layar a wuya, a yi masa hayaƙi da garin safe da yamma, kuma a daina barinsa yana kwanciya a ƙofar gida inda idon mutane yake.

Inna ta tafa hannu. "Kin ji ko? Ni ma raina ya ba ni. Bakin mutanen garin nan ai ya fi dafi."

Wani abu ya ɗan tsaya mini a rai, don ni bakin da ke jikin karen nake nufi, shi kuma ya aiko da maganin bakin mutane. Amma na ce a zuciyata, wa ya sani, wataƙila bakin mutanen ne ya sauka a bakin karen. Maharbi ya fi ni sani. Na rataya layar. Na yi ta hayaƙi a kasko, karen yana atishawa yana ja da baya har igiya ta shaƙe shi, ni ina bin sa da kaskon ina ba shi haƙuri.

Haka muka ci wata kasuwar, muka shiga ta gaba. Ya daina taɓa tuwo. Sai kunu mai ruwa-ruwa nake dama masa, shi ma ya lasa kaɗan ya koma ya kwanta. Yawu ya fara zuba daga bakinsa, mai yauƙi, wani lokaci da jirwayen jini. Ƙudaje suka gane shi. Haƙarƙarinsa suka fito. Kowa ya shigo da shawararsa. Wata ta ce a jiƙa masa sabara, na jiƙa. Wani ya ce kanwa, na sa. Wata ta ce tsutsar ciki ce ke hawowa, a ba shi maɗaci, na ba da kazata guda aka samo mini, ya amayar. Duk maganin nan daga nesa ake miƙa shi, a kasko, a tura da kara. Ba wanda ya taɓa bakin karen.

Yawun ne ya jawo mana magana. Wata yamma maƙwabcinmu ya yi sallama ya tsaya a zaure, ya ce da Inna mutanen unguwa sun ce kare mai dalalar da yawu mahaukaci ne, akwai yara, gara a fitar da shi bayan gari a gama da shi tun bai ciji wani ba. Ina bayan danga ina ji, Talatu a bayana. Tun ranar da ta ce Assu kashi nake tuna sau nawa ya lashe mata fuska da hannu. Na sauke ta na tuɓe ta ina duba jikinta ko akwai ƙwarzane. In ta yi atishawa sai in taɓa goshinta. In ta ƙi nono sai in ce shi ke nan. Ga ɗiyata, ga amanar ubanta, ban san wanda zan kama ba.

Inna ce ta tsaya, Allah ya ba ta lada. Ta ce masa, "Karen ɗana ne, ɗana kuma yana can inda aka kai shi ba da sonsa ba. Ku ba mu kwana kaɗan. Yana ɗaure."

Tabawa ta kawo labarin cewa malamin dabbobi ya fito daga Kankia, ya kafa rumfa a kan hanya ana yi wa shanu allura. Inna ta ce in je. Na bar mata Talatu, muka kama hanya da sassafe ni da Tabawa, ina jan Barsu da igiya. Yana tafiya yana zama. Inda ya gaza sai mu tsaya a inuwa mu jira shi.

Ban taɓa ganin shanu da yawa haka ba. Fulani garke-garke, kowa na jiran a zo kansa, ana kayar da sa ana ɗaurewa ana tayarwa. Mu kaɗai ne mata, mu kaɗai ne da kare. Muka raɓe gindin wata ƙirya tun hantsi har rana ta karkata. Wani makiyayi ya leƙo ya ce, "Wannan saniyar taku ba ta da ƙaho?" Tabawa ta ce, "Ta bar su gida, ta ji an ce ana ƙirga ƙaho a biya jangali." Aka yi dariya. Ni ban iya ba. Wata Bafulatana ta ba mu nono a ƙwarya, ban san sunanta ba, Allah ya sani.

Sai da shanu suka ragu malamin ya zo, ya gaji, rigarsa duk kashin shanu. Ya tsaya ɗan nesa ya toshe hanci. Ya ce shi don shanu aka turo shi, ba shi da kayan aikin kare. Amma ya tambaye ni yaushe yawun ya fara, ya taɓa kai wa wani cizo, yana gane ni in na kira shi. Na kira sunansa, ya kaɗa wutsiya daga kwance. Malamin ya ce, "Karen da ya haukace ba ya ganin kasuwa biyu. Naki ya ga fiye da haka. Ba hauka ba ne, ciwo ne a cikin bakin." Maganar nan har yau tana kunnena. Ya ƙulla mini wani baƙin gari a takarda, ya ce ɗan kaɗan ake sawa a ruwa sai ya yi ja, a samu namiji ya buɗe bakin a duba, a wanke da shi. Kafin in sake tambaya an kira shi, wani sa ya ƙwace.

Na gode masa, don maganarsa ce ta hana a kashe Barsu, kuma ita ce ta sa na yi barci ban tashi ina taɓa goshin Talatu ba. Amma a samu namiji, a ina? Masu ƙarfin suna Jos. Waɗanda suka rage, wannan ya ce yana da alwala, wancan ya ce shi bai yarda ba hauka ba ne. Wani ya ce mini, "Ke da kike ɗiyar malam, ke za ki sa mutum ya cusa hannu a bakin kare?" Na gwada da kaina. Na sa kara na ɗaga leɓensa, na ga haƙora da jan dasashi, ban ga komai ba. Da karan ya taɓa can ciki sai ya yi wata ƙara, ya yi mini gurnani, abin da bai taɓa yi ba. Na yar da karan. Na koma ina zuba jan ruwan a kaskonsa, ko zai wanke da kansa in ya sha. Ya sansana ya kau da kai.

Fuskarsa ta kumbura gefe guda har ido ya ƙanƙance. Majina mai wari ta fara fita ta hanci ɗaya. In na fito tsakar gida sai ya bi ni da ido kawai. Wata safiya muka tashi muka ga an ja ƙaramar akuyarmu ta ƙarƙashin danga, ga sawun kura har gindin turke. Barsu yana bayan rumbu, ko haushi bai iya yi ba.

Da Tabawa ta sake zuwa Rimaye ban aika da komai ba, na rasa abin da zan ce. Baba Nomau ne ya gan ta ya tambaya ko bakin ya saki karen. Ita kuma ta gaji da mu, ta ce, "Wane saki? Gidan ma ba ya shiguwa don ɗoyi." Ta ce tsohon ya miƙe tsaye har goronsa ya zube. Washegari kafin azahar sai ga shi a kan jaki.

Bai tsaya dogon gaisuwa ba. Tun daga zaure ya ja hanci ya ce, "Inna lillahi. Wanga ai ruɓa ce. Mi ya hana a ce mani wari yake?"

Inna ta ce, "Mun ce baki ne."

"Baki kuka ce! Ni kuwa na ba ku maganin baki!"

"To, Nomau, a aika maka da ƙazanta a bainar jama'a?"

"Ni da na tsufa ina fiɗar mushe? Wace ƙazanta ce ban sa hannu ba?" Ya juyo gare ni. "Ɗiyata, kawo tsohon zane, da ruwan ɗumi, da gishiri. Ki zo ki riƙe mani ƙafafunsa."

Ya naɗe karen a zane, ya matse shi tsakanin gwiwoyinsa, daidai yadda maigidana yake yi. Yana yi masa magana a hankali, yana kiransa ɗan ja. Ya sa guntun ice a tsakanin muƙamuƙansa, ya juya kan wajen rana, ya ce in leƙa. Na leƙa. Can sama, a ganɗa, wani abu ya gitta daga turamen haƙoran dama zuwa na hagu, ya kafe kamar an ɗora azara. Nama ya kumbura ya kusa rufe shi, ya yi baƙi, akwai tsutsa. Daga gefe ba mai ganinsa. Sai an buɗe an kalli sama.

Ya sa hantsakinsa na cire ƙaya ya kama, ya murɗa, ya fizgo. Barsu ya yi ƙara ɗaya ya saki jiki. Guntun ƙashin haƙarƙarin rago ne, bai kai tsawon ɗan yatsana ba.

Baba Nomau ya daɗe yana kallonsa a tafin hannu. Ya ce, "Na layya ne. Da a makon farko ne, da yatsa zan cire shi, ya ci tuwo da yamma." Ya kwance layar daga wuyan karen ya sa a aljihu. Na kawo masa gero a ƙwarya ya ƙi karɓa. Ya nuna mini yadda zan naɗa tsumma a yatsa in wanke ramin da ruwan gishiri, in bi da jan ruwan malamin dabbobi, wanda ya ce magani ne mai kyau. Ya ce warin bakin kare iri-iri ne, wani daga ruɓaɓɓen haƙori, wani daga abin da ya maƙale, wani daga ciki yake tasowa, amma kowanne ne sai an buɗe ake sani. Da zai hau jaki ya ce, "Ramin ya huda har hanci. Ki yi iyakar yinki, sauran na Allah ne."

Na sa hannuna. Safe da yamma ina durƙusawa bayan rumbu in buɗe bakin Barsu in wanke, in tashi in wanke hannuna da ƙasa da ruwa, in yi alwala in yi sallata. Ba abin da ya same ni. Inna tana riƙe masa kai, tana kau da fuska tana cewa sannu, sannu. Warin ya ragu sosai. Har na bar Talatu ta zo ta zauna kusa da shi, ta sansana ta ce, "Assu ba kashi." Ranar na ɗauka mun tsira.

Amma in na ɗura masa kunu, rabi ta hanci yake dawowa. Ya riga ya ƙare tun kafin a cire ƙashin. Bai kai wata kasuwar ba. Da hantsi ina shanya gero na ga ya ja jiki ya fito daga bayan rumbu, don mun daina ɗaure shi, layi yake yi, ya bi ta zaure ya kwanta a ƙofar gida, kansa wajen kukar. Na bar shi. Da na koma da kaskon kunu ya riga ya tafi.

Mutane suka ce a ja shi a yar a bayan gari. Ni da Inna muka ɗauki fartanya muka haƙa masa rami a gindin kukar.

Abin da zan faɗa wa 'yan'uwana mata ke nan. In bakin karenku ya canza wari, kada ku tsaya hayaƙi da jiƙe-jiƙe daga nesa. A samu mai riƙewa a buɗe, a kalli sama da ƙasa, tun yana da ƙarfin cin abinci. Hannu yana wankuwa. Kada a jefa masa ƙashin da ke tsagewa. In kuma za ku aika wa wanda ya sani, ku faɗi abin da sunansa, ko da babba ne, ko da a kasuwa ne. A gidanmu mutum ɗaya ce ta faɗi ciwon nan yadda yake tun ranar farko, ita ma don ba ta san kunya ba tukuna.

Ƙashin yana nan, na wanke na ƙulle a tsumma na sa a cikin tasoshina, don in nuna wa maigidana. Waɗanda aka ɗiba tare da shi sun fara dawowa. Wasu sun dawo da tari, wasu kuma kayansu kawai aka kawo. Shi ba mu ji komai ba. Da farko kullum ina shirya abin da zan ce masa in ya yi fito a gindin kuka, a kan ramin ma zai tsaya bai sani ba, ya jira, ba abin da ya fito. Ina jin tsoron ranar. Yanzu kuwa in ina daka sai in riƙa tsayar da taɓarya ina saurare. Allah ya sa in ji fiton. Zan goya Talatu in fita da kaina.